Muryoyin da Aka Ajiye

Takarda ɗaya ce a kan teburin, an raba ta gida biyu da jan biro. Malam ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Shekara arba'in yana karanta rubutun magabata ba gargada, amma wannan ta gagare shi.

"Baba, ba wuya," in ji Auta, 'yarsa injiniya, wadda ta haɗa wa makarantarsa wayar intanet da jama'a ke kiransa da ita suna neman fatawa. "Kowane kira sai ya bi ta wata na'ura da ke tsakaninka da mai kira. Saba ake ce mata. Iri biyu na jera maka a takardar nan. Ta dama tana ɗaukar kira ashirin lokaci guda, murya ba ta yankewa, amma da an ajiye waya ta manta komai. Ta hagu goma kawai take ɗauka, sai dai tana naɗar duk abin da aka faɗa."

"To bar mu da mai mantuwar. Ni da ita halinmu ɗaya."

Auta ba ta yi dariya ba. "Ta hagu muke amfani da ita, Baba. Wata bakwai ke nan. Kwamitin makaranta ne ya zaɓa, don a tattara fatawoyinka a yi littafi. Kai ma ka sa hannu."

Ya tuna. An ce masa za a adana ilimi, ya sa albarka. Bai taɓa kawowa a ransa cewa har da tambayar ake adanawa ba.

Mutum nawa ya ce wa, "Faɗi, babu mai ji sai Allah, sai ni"? Ranar Talatar da ta wuce wata ta kira tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta faɗi abin da ta aikata kafin aure, wanda ta tuba daga gare shi shekara goma sha biyu da suka wuce, ta tambaya ko wajibi ne ta sanar da mijinta. Ya ce mata abin da Ubangiji Ya suturta kada ta yaye. Bai tambayi sunanta ba, amma ya gane muryar. Matar sakataren kwamiti ce.

"Wa ke iya saurare?"

"Ni da Sakatare. Shi ne ke mayar da su rubutu."

"Goge su. Duka."

"Baba, aikin wata bakwai fa."

"Ko na shekara saba'in ne. Amanar mutane ce, ba mu da iko da ita."

Ta jawo kwamfuta. Yatsunta suka yi ta gudu a kan madannai, sai suka tsaya cak.

"A jere Sakatare yake bin su. Jiya ya gama na Litinin."

"Na Talata fa?"

"An buɗe yau da safe. Ba a nuna inda aka tsaya ba."

Malam ya sunkuyar da kai yana neman gafara. Bai kai ƙarshen addu'ar ba aka yi sallama a bakin ƙofa.

Sakatare ne, da littafin rubutu a hammata. Fuskarsa kamar kullum, ba a karanta komai a cikinta.

"Allah gafarta Malam, in kun gama ina son ganinka. Mu biyu."

Auta ta rufe kwamfuta, ta fita ba ta dubi kowa ba. Sakatare ya cire takalmi, ya zauna, ya gaishe shi cikin ladabi. Malam ya buɗe baki zai ce "Yaya iyali?" kamar yadda ya saba, sai ya kasa.