Wanda Baba Yake Faɗa da Shi

Akwati babba, fanko. Katin asibiti. Sabon bargo a leda. Makullin ɗakin da ta share masa a gidanta. Abin da Auta ta ɗauko ke nan, kuma sai da mota ta ci rabin hanya kafin ta yarda a ranta cewa ɗauke Baba za ta yi daga gidansa.

Yayanta ne ya kira ta. "Baba fa ya fara magana shi kaɗai. Na same shi yana nuna bango da yatsa yana cewa ƙarya kake. Mai shagon ƙasan benensa ma ya sha jin dariyarsa, ba kowa a ɗakin."

Daga nan komai ya zama shaida. Ta tuna ranar da ya kira ta da sunan marigayiya Mama. Ta tuna butar shayin da ya taɓa mantawa a wuta. Kafin ta iso ta gama yanke hukunci.

Ta tarar da Yaya a gindin bene, hannu a aljihu.

"Hau ke kaɗai," ya ce. "Ke ce ta gaban goshi. Ni in na faɗa masa, da sanda zai rako ni."

Ƙofar a buɗe take. Baba na zaune a tsohon teburinsa na gyaran agogo, ƙananan sukuddireba a jere kamar yadda ya saba, ko da yake ya daɗe da barin sana'ar. Hular sanyi ta rufe masa kunnuwa. Ya buga tebur.

"Kai dai ba ka da wayo! Attajiri ya ba ka ɗaki da abinci, ka ce kiɗanka ya fi ƙarfin gidansa? To je ka, yunwa za ta koya maka."

Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Ta yi sallama, bai amsa ba. Ta dafa kafaɗarsa.

Ya zabura, ya ɗaga hular, ya zare wani ɗan iyafis daga kunne. Wata siririyar murya na ta zuba daga ciki.

"Auta? Haka ake shigo wa mutane kamar kyanwa?"

"Baba, da wa kake faɗa?"

"Da wani mai tsara kiɗa. Ya mutu tun kafin a haifi kakana, amma taurin kansa na nan." Ya laluba wayarsa ya tsayar da muryar. "Matar laburare ce ta zuba min littattafai a ciki, ana karanta min. Tarihin masu kiɗan nan, na gama da yawa. Wani ya kurmance bai daina rubutawa ba. Wani kuma matarsa ce ke kwafe masa komai, ko na gode babu. Shi na fi zagi."

Auta ta zauna a bakin gado.

"Yaya ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Ai bai tambaye ni ba. In ya zo, ka sha magani, ka ci abinci, sai ya duba agogo." Ya karkata kai wajenta. "Ke ma kin yarda ko? Duk bokon nan da kika je uwa duniya kika yi."

"Ka kira ni da sunan Mama."

"Muryarki ɗaya da tata a waya, laifina ne? Akwai wani littafin da nake ji da safe, a kan yadda mutum ke gaskata abu. Ya ce zuciya kan fara yanke hukunci, sannan ta aiki ido ya nemo mata shaida. Na yi ta musu da mai littafin. Ashe zai aiko min da ke."

Ta yi dariya, dariyar ta zo da hawaye, ta share da bayan hannu. Ta gwada shi duk da haka: ranar mako, sunayen jikoki, maganin da yake sha. Ya amsa duka, ya ƙara mata da sunan malamin da ta taɓa ciza a firamare.

Ya tashi ya haɗa mata shayi. A nan ta lura. Ya sa ɗan yatsa a bakin kofi, yana zubawa har ruwan ya taɓa shi. A kan kantar da ke jikin bango, littattafansa na takarda sun yi ƙura, tabaransa a kai.

"Baba, yaushe rabonka da karanta jarida?"

Ya miƙa mata kofin. "Haruffan ne suka ƙanƙance."

"Za mu ga likitan ido."

"Wannan na yarda. Amma ki bari in ji ko wawan nan ya koma gidan attajirin." Ya mai da iyafis, ya ja hula.

Ta fito. Yaya ya hauro har rabin bene, yana leƙe.

"Yaya dai? In kawo akwatin?"

Daga ciki suka ji Baba ya ce, "Ai na faɗa maka!"

Auta ta ja ƙofar ta rufe.

"Ido ne, ba kai ba," ta ce. "A gidansa zai zauna."