Ranar da Na Gama wa Inna Bargonta

"Ki bi shi da keke kawai, ki huta mu huta," in ji Maman 'Yan Biyu. Ta dire ƙunshin a kan teburin yankana, bisa rigar mutane da na riga na zana da alli, ta shiga kwance bakin zanen.

Ko ba ta buɗe ba na san bargon Inna ne. Shekara tara ina kallonsa yana girma kamar ɗan maƙwabta.

"Ta san kin ɗauko?" na tambaye ta.

"Wadda ke kwance da robar iska a hanci zan tsaya tambaya? Jibi za a sallamo ta. Likita ya ce mu dawo da ita gida mu kyautata mata, kin dai gane. Mutane za su yi ta zuwa dubiya, ina zan ajiye su? Falon nan ko'ina ƙyalle, ko'ina zare. Ran nan ma allura ta soki ɗaya daga cikin yaran a gwiwa." Ta duba agogon wayarta. "Kuma ai alheri ne. Ta ga abinta a kammale kafin... kin dai gane."

Na gane. Ta fice da sauri, motar wajen aikinsu na yi mata oda a bakin titi.

Shagona a ƙasan bene yake, su suna sama, matakalarsu kuma a jikin tagata take. Inna uwar mijin Maman 'Yan Biyu ce. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana wankin zannuwan gado a wani asibiti. Da ta ajiye aiki, ɗanta Direba, mai tuƙa babbar mota, ya ɗauko ta ya ce ta zo ta huta. Hutun kuwa shi ne kai 'yan biyu makaranta da ɗauko su, girki, wanki, shanya, jiran mai gyaran famfo. Duk benen kuma ya gano akwai mutum ɗaya da kullum ke gida. Wannan ya bar mata makulli, waccan ta bar mata jariri, "minti goma kawai, Inna," sai yamma.

A tsakankanin wannan take ɗinka bargonta. Ƙyallaye ne masu faɗin tafin hannu, da murfin kwalin sabulu take auna su, ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. A tsaye take ɗinki, tana jiran ruwa ya tafasa. Tana yi a kan dakalin ƙofar makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Kullum akwai allura soke a wuyan rigarta da zare yana reto. Idan aka kira ta sai ta ce, "Bari in kai ƙarshen layin nan," amma kafin ta rufe baki ta riga ta miƙe. Har yaran bene suka mayar da shi waƙa, suna bin ta da shi a matakala.

Ni ma ina cikin masu kiran. Nakan tara mata ragowar yadi a leda, sai in miƙa mata tare da riga biyu ko uku. "Inna, don Allah, maɓalli shida ne kawai." Ko kalmasar hannu, wadda ni ke ci min rai. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Sai ta ninke nata ta ajiye a kan cinya, ta ɗauki nawa. Na san abin da nake yi, kada wani ya ce ban sani ba.

Akwai kuma abin da na riƙe a ciki. Wata rana wata babbar mai kawo min ɗinki ta juya bakin rigarta, ta ƙura wa kalmasar ido, ta ce a gaban mutane, "Tela, wannan ba hannunki ba ne. Wanda ya yi wannan shi ya iya ɗinki." Inna tana zaune a kan benci, ta rufe baki da bayan hannu tana dariya. Dariya ce kawai, amma ta zauna min. Bayan nan na taɓa ce mata ta kawo bargon in bi mata da keke, awa biyu an wuce wurin. Ta janye shi zuwa ƙirjinta.

"Bar min abina, 'yar nan. Keke bai san kowa ba."

To, ga shi yau a kan teburina.

Na rufe ƙofar shago rabi, na shimfiɗa shi. Ta gama haɗa fuskar, ta sa auduga a tsakiya da shafi a ƙasa, ta bi kusan kashi biyu cikin uku da ƙananan ɗinki masu kama da sawun tururuwa. Sai dai gefe ɗaya ya ƙi zama. Layin farko ne, wanda ta fara da shi tun hannunta bai faɗa ba. Ƙyallayen sun koɗe, wani ya fi wani tsawo, gefen duk ya karkace. Na ja, na danne da dutsen guga, ya ƙi. Sai na ɗora ma'auni, na ja layi da alli, na ɗauki babban almakashi. Layin ya faɗo ƙasa dogo, kamar an feɗe wani abu. Da yamma na share shi tare da sauran tarkacen ranar, da safe motar shara ta zo.

Zaren roba na sa, fari, mai ƙarfi. Na matse tazarar ɗinkin har ƙarshe, yadda ko jikokin jikokinta ba za su ga ya warware ba. Na bi inda ba ta kai ba, na bi ta kan inda ta kai ma, don layukan su tafi daidai. Awa uku da rabi. Na naɗe bakin da jan yadi, na goge, na ɗaga shi a gaban madubi. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau.

Ranar da aka sallamo ta, a hannu Direba ya hau da ita matakala, ƙafafunta na lilo kamar na yarinya. Suka kwantar da ita a ƙaramin ɗakinta na kusa da kicin. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta taga ta ƙwala min kira, na hau da bargon a ninke a kafaɗa.

"Inna, rufe idonki," in ji ta, ta ɗaga waya tana ɗauka. "Yara, ku matso. Ɗaya, biyu, uku!"

Muka baza shi a kanta. Yaran suka yi tafi. Direba ya ce, "Kai! Kamar na kanti."

Inna ta buɗe ido. Ba ta kalli kowa ba. Hannunta ya fito a hankali, da tabon allurar ƙarin ruwa a bayansa, ya hau bargon. Ta bi layi ɗaya da yatsa har ƙarshe, ta dawo, ta bi na kusa da shi. Ta tsaya a inda zarena ya hau kan nata, ta kankare shi da farce. Sannan ta jawo gefen hagu, ta juya jan bakin, ta sake juyawa.

"Ina layin gefen nan?"

"Ya karkace ne, Inna," na ce. "Na daidaita miki."

"Akwai shuɗi mai ɗigo-ɗigo a ciki. Na uku daga sama."

"Haba Inna, tsumma ne fa, duk ya mutu," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ɗago ki yi murmushi, ina ɗauka."

"Yana ina?" Ni take kallo yanzu.

Na ce an share.

Direba ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Inna, matar nan ta rufe shagonta ta yi miki aiki. Ki gode mata mana."

Ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta juyo gare ni.

"Na gode, 'yar nan. Sannu da aiki."

Washegari na hau da kofin shayi, na zauna a bakin gadon. Na ce, "Inna, shuɗin nan, na waye?"

"Na faɗa miki ai."

"Yaushe?"

"A shago. Ina sa miki maɓalli, kina waya."

Na tambayi Direba a matakala, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ina zai san tsummokaran Inna. Har yau ban sani ba.

Karon farko ke nan a shekara tara da babu mai kiran ta. An kai yaran wajen wata, masu makulli sun sami wani wurin. Yini guda cur nata ne, daga safe har yamma. Ta roƙi a ba ta reza, aka hana. Ta roƙi ƙaramin almakashi, Maman 'Yan Biyu ta tattara gwangwanin ɗinkinta gaba ɗaya ta ɗora a saman kabad. "Mara lafiya da abu mai kaifi? Ta yanke kanta a ce ni ce."

Hoton kuwa ya zaga. Ranar Asabar wasu mata biyu daga wajen aikin Maman 'Yan Biyu suka zo, wai dubiya. Suka leƙa ɗakin, suka ce sannu Inna, suka koma falo. Aka kira ni. Ina tsaye Maman 'Yan Biyu ta shiga ta yaye bargon daga ƙafafun Inna, ta fito da shi ta shimfiɗa a kan kujera.

"Wannan duk aikinki ne?" in ji ɗayar, tana shafa shi.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ina hango ƙafafun Inna a ƙarƙashin siririn zanen gado, ta harɗe su saboda sanyi.

"Aiki ne mai cin lokaci," na ce. "Amma idan kina so, sati biyu."

Sun fi awa guda suna zaɓen kala.

Kwana shida da dawowarta, Maman 'Yan Biyu ta faɗo shagona da bargon a hannu, fuska a murtuke.

"Kin ga abin da take yi? Dubi nan!"

A ƙasan gefen hagu, ɗinkina ya warware kamar tsawon taƙi ɗaya. An ciro zaren ɗaya bayan ɗaya, ba a yaga ko ƙyalle guda ba. Yadin wurin ya jiƙe, ya yi duhu.

"Da haƙori take yi, wallahi. Da haƙori da farce. Ki yi wa mutum alheri ya zauna yana lalatawa. Matan nan za su dawo da ƙawarsu ranar Laraba. Mayar min da shi."

Na riƙe wurin a hannuna. Zaren roba ba ya tsinkewa da daɗi, sai ya yanki mutum. Akwai ɗan ja-ja a kan wani farin ƙyalle.

"Ko a bar mata..." na fara.

"A bar mata ta kwance duka? Ke ba sunanki ne a kai ba?"

Na zauna. Na sa shi a ƙarƙashin ƙafar keke. Ko minti biyar bai kai ba. Na bi sau biyu.

Ni na mayar da shi sama. Idonta biyu. Na rufa mata, na gyara gefe, na ce, "Kada ki wahalar da kanki, Inna." Ta laluba da hannu, ta samo wurin, ta ji. Kafin in kai ƙofa na ji ƙaramar ƙara, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera a bayan kabad. Ban waiga ba.

Bayan kwana biyu, Direba yana kan hanya, Maman 'Yan Biyu za ta fita aiki, ta tsaya a tagata ta ce in leƙa Inna da ƙarfe sha ɗaya in ba ta magani. Na ce to. Ƙarfe sha ɗaya wata ta zo gwajin riga, hannu ya matse ta, muka tsaya gardama, na farke na sake. Sha biyu da rabi ta wuce kafin na hau.

Na yi sallama sau biyu. Rana ta shigo ta tagar kicin ta kwanta a ƙasan ɗakin. Maganin yana kan kujera, da kofin ruwa da aka rufe da faranti. Inna ta jingina da bango, kanta ya karkata gefe, ta jawo gefen bargon da hannu biyu har haɓarta. Na kira ta. Na taɓa wuyan hannunta, na sake taɓawa, na riƙe ya fi yadda ake buƙata. Jijiya ba ta bugawa.

Ta kwance ɗinkina kamar faɗin yatsa uku.

A gefen leɓenta na ƙasa akwai guntun farin zare, ya manne. Na sa yatsa biyu na cire shi a hankali. Na duba inda zan ajiye shi, ban ga wuri ba. Sai na zauna a bakin gadon da shi a tafin hannuna. A ƙasa wani yana buga ƙofar shago, yana kiran Tela, Tela, ya buga, ya dakata, ya sake bugawa.