Abin da Hankaka Ya Nemo

Sunan karen Hankaka, saboda baƙi ne wuluk sai farin tabo a ƙirji. Na Sammani ne, mijin Turai, manomi a wani ƙauye bayan Runka, wanda yakan taɓa farauta in rani ya yi. Ranar da mutanen daji suka faɗo wa gonaki a kan babura, lokacin yankan gero, Sammani yana gona tare da karen. Washegari karen ya dawo gida da kunne a tsage. Sammani bai dawo ba.

Ba wanda ya bugo waya neman fansa, ba kuma wanda ya ga gawa. 'Yan sa-kai sun shiga daji iya inda ƙafa ke iya shiga. Sun ɗaura wa karen igiya suna ja, suna cewa, "Je ka, nuna mana!" Shi kuwa ya turje, ya koma ƙarƙashin rumbu ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Suka ce tsoro ya lalata shi. Liman ya ce Turai ba za ta shiga takaba ba, tunda ba mai shaidar mutuwa. Haka ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Mata in sun shigo sai su rasa gaisuwar da za su yi mata, su tsaya a "ya gida" kawai.

Da ƙauyen ya watse, Turai ta hau a-kori-kura zuwa Batsari, gidan kawunta Armaya'u mahauci. Ta bar turmi, ta bar gado, amma ta sa aka ɗora karen a kan buhunan hatsi. Ba don tana son kare ba. Ko a gidan mijinta ba ta taɓa barin shi ya matso kusa da kwanukanta ba. Sai dai duk duniya shi kaɗai ne ya ga abin da ya faru a gonar nan, kuma ba ta iya barin idanun da suka gani a baya.

A Batsari aka ɗaure shi a bayan ɗaki, kusa da awaki. Kare ne da ya saba da daji da aiki, yanzu ba abin da yake gani sai katanga. Bai yi mako ba ya koyi kwance igiyarsa da haƙori. Daga nan ya kwance ta awaki. Ya gane yadda ake ture sakatar ƙofar langa-langa da hanci. Ya haƙa rami a gindin katanga har ƙasa ta fara zubowa. In ya gama duk wannan, sai ya je tsakar gida ya zauna yana fuskantar hanyar Runka, ba haushi, ba motsi, kamar mai sauraron kiran da shi kaɗai ke ji. Wannan zaman ya fi ɓarnar tayar wa Turai da tsigar jiki.

Ranar da karen ya ɗaga murfin bahon nama, Kawu Armaya'u ya kira ta.

"Turai, ɗiyata, zo nan. Kin ga wannan bahon? Da ƙasa zan wanke shi yanzu. In mutanen kasuwa suka ji kare na yawo a gidan da ake aje namansu, wa zai ƙara tsayawa gaban teburina?"

"Kawu, a yi haƙuri. Zan ƙara ɗaure shi."

"Da me? Wannan ko ankwa aka sa masa sai ya nemo makulli. Ni ban ce a kashe shi ba. Akwai Fulani a kasuwar shanu, in ranar kasuwa ta zo zan ba wani ya tafi da shi."

Turai ta durƙusa. Kawu ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "To, ki san yadda za ki yi ya natsu. In ya natsu, ban gan shi ba."

Da yamma Hashimu ya zo, ƙanen Sammani, mai kabu-kabu tsakanin Batsari da Safana. Ta gaya masa.

"Matar Yaya, ai ba iskanci ke damun sa ba, zaman banza ne," in ji shi. "Na gani a waya, Turawa har kayan wasa suke saya wa karnuka, a sa abinci a ciki, kare ya wuni yana fama."

"Kai dai ba ka rasa zance. Mu da muke neman na tuwo?"

"Wa ya ce ki saya? Yaya da me yake yi masa? Ke dai ba ki kallo, kina can kina harare-harare."

Ta tuna. Sammani yakan zauna bakin ƙofa bayan la'asar ya kife ƙore, ya ɓoye abu, ya sa karen nema. Ita a lokacin wasan banza ta ɗauke shi, har takan ce babban mutum da gemu yana wasa da kare.

Ta fara da gora. Ta huda mata ƙananan ramuka ta zuba ƙuli-ƙuli, don in ya gangara ta ya riƙa faɗowa kaɗan-kaɗan. Hankaka ya gangara ta sau ɗaya, ya tsaya ya dube ta, sai ya ɗauke ta a baki ya hau kan tarin bulo ya sako ta. Ta fashe. Ta gwada robar ruwa da gyaɗa a ciki, ya taka ta da ƙafa ya murɗe murfin. Ta kife ƙore uku, ƙashi a ƙarƙashin ɗaya, bai ko shinshina sauran ba. Abin da ya ɗan riƙe shi shi ne ƙahon saniya da ta roƙa a wurin Kawu. Takan cusa masa tuwo da romo ta danna sosai, ta shanya a rana ya bushe. Wannan kam yakan kai shi daga hantsi zuwa azahar yana lasa yana juyawa. Amma da ya gane in ya jefa ƙahon cikin kwatarniyar awaki tuwon zai jiƙa ya fito da kansa, shi ma ya ƙare.

Hashimu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi wannan ya fi ni kai. A sa shi makaranta kawai."

Turai ba ta yi dariya ba. Ranar kasuwa tana matsowa, karen kuma ya koma zamansa na fuskantar hanya.

Sai ta yi tunanin ko kewa ce. A ƙasan jakarta akwai tsohuwar hular Sammani, wadda yake sawa in za shi gona, bakinta ya yi baƙi da zufa. Ba ta wanke ta ba. Ta ce a ranta bari ta naɗe ƙashi a ciki, ta ɓoye a bayan randa, ya nemo, ko ƙamshin mai shi zai kwantar masa da rai. Da safe, bayan Kawu ya fita mahauta, ta tsuguna nesa kaɗan da karen, ta miƙa masa hular a hanci kamar yadda ta sha ganin Sammani yana yi, ta faɗi kalmar da yake faɗi.

"Nemo."

Ba ta kai ga naɗe ƙashin ba. Karen ya miƙe tsaye. Duk jikinsa ya ɗauki rawa, ya sa hanci cikin hular ya ja numfashi mai tsawo, sannan ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya juya, ya ture sakata, ya fita.

A nan ne ta gane abin da ta yi. Sammani ba ya fara ɓoye abu sai ya shinshina wa karen. Abin da aka sa masa a hanci, shi ne abin nema. 'Yan sa-kai sun yi ta ja da tsawa, ba wanda ya tambaye shi ta hanyar da aka koya masa. Ita kuma da ta sani, ba ta san ta sani ba.

Ta fita har bakin titi ba mayafi. Ba ko ƙurarsa.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Kawu ya ce Allah ya raba su lafiya, amma da ya ga fuskarta bai ƙara ba. Hashimu ya tambayi masu babura na hanyar Runka, wani ya ce ya ga baƙin kare yana bin gefen hanya, kai a ƙasa, ko kallon mutane ba ya yi. Turai ta ci gaba da cusa tuwo a ƙaho tana shanyawa a kan katanga. In iska ta taɓa ƙofar langa-langa sai ta miƙe.

Wata la'asar sakaliya, tana tankaɗe, ta ji an ture sakata daga waje.

Hankaka ne, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙafafunsa duk ƙaya da ƙarangiya, yana ɗingishi. Ya tako a hankali ya aje abin da ke bakinsa a gabanta, ya ja da baya, ya zauna.

Kambu ne, na jar fata da ta koma baƙa. Turai ta san shi kamar tafin hannunta. Tun Sammani yana saurayi baduku ya ɗinke masa shi a damtse, da ya yi jiki kambun ya kama naman har ya yi masa shaida. Ta sha yi masa tsiya ya cire, yakan ce sai dai a yanka, don ba ya wuce gwiwar hannu.

Ta juya shi a hannunta. Ba a yanka ba. Ɗinkin yana nan yadda yake, zagaye, a rufe.

Kawu Armaya'u ya shigo da wuƙaƙensa a cikin buhu, ya tsaya. Mahauci ne, ba ya buƙatar a gaya masa yadda abu irin wannan ke fita daga hannu ba tare da an yanka ba. Ya aje buhun a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Turai ba ta yi kuka ba tukuna. Karen yana zaune yana kallon hannunta, wutsiyarsa tana ɗan share ƙasa. Jira yake. Sammani yakan ce wanda ya nemo, a biya shi, ko me ya nemo. Ta miƙe ta ɗauko ƙahon daga kan katanga ta aje masa. Kawu ya buɗe buhunsa ya yanko tsoka, ya aje a gefen ƙahon da hannunsa.

Sai da karen ya huta ƙafarsa ta warke. Ranar da za a tafi neman gawar, Hashimu ya zo da 'yan sa-kai a kan babura, da magirbi da shebur, da farin yadi da Kawu ya sayo a ɗaure a bayan babur. Ba wanda ya kawo igiya. Suka tsaya a ƙofar gida suna jira.

Turai ta fito zaure, kanta ba kitso, hannunta ba lalle. Matan unguwa da suka taru yanzu sun san gaisuwar da za su yi mata, suna ta yi. Ta wuce su ta tsuguna a gaban Hankaka, ta miƙa masa kambun a hanci.

"Hashimu," in ji ta, ba ta ɗago ba, "kada ku yi masa tsawa. In ya tsaya, ku tsaya."

"To, Matar Yaya."

Sannan ta faɗi kalmar.