Turmin Haƙorin Baba

Tsohon likitan haƙori bai taɓa kwanciya a kujerar nan ba, ko da yake shi ya kafa ta tun gashinsa na baƙi. Yanzu ɗakin na autarsa ne. Ta sake fenti, ta sake fitila, ta bar kujerar da ƙarar da take yi in an kwantar da ita.

Turmi ɗaya ya rage masa na tauna, shi ma ya ruɓe har jijiya. Auta ta ce za ta cire jijiyar, ta wanke ramin saiwar, daga baya ta cike. Shi ya ce a fizge haƙorin kowa ya huta.

"Da me za ka ci nama, Baba?"

"Da ido, kamar sauran tsofaffi."

Ba zafi yake gudu ba. Ruwan wankin yake tsoro, don ya san shi. Dangin bilic ne, ruwan nan mai koɗar da launin tufafi. A cikin haƙori yana kashe ƙwayoyin cuta, ya narkar da ruɓaɓɓen nama. In ya zarce ƙarshen saiwa kuwa, nama mai rai ma ba ya ƙyalewa. Ya taɓa ganin fuskar da abin ya samu, ta kumbura har ido ya rufe.

"To mu yi haka," in ji ta. "Ka ɗaga hannu kawai, in tsaya in cire maka haƙorin."

Ta yi masa allurar kashe zafi, ta shimfiɗa roba a bakinsa, haƙorin kaɗai a waje. "Yau dai na samu ka yi shiru," ta ce.

Da ta buɗe kwalbar ruwan wankin, warin ya cika ɗakin. Da shi yake komawa gida a da. Marigayiya matarsa takan ɗaga rigarsa a gaban taga, ta nuna masa fararen ɗigo a hannun riga, ta ce ta auri likita an kawo mata mai wanki. Da rana takan kawo masa abinci nan, su ci a bakin tagar can, rediyo na magana ƙasa-ƙasa.

Allurar wankin ta matso. Hannunsa ya tashi daga kan cinyarsa.

Auta ta gani, ta dakata. A gilashin fuskarta ya hango aikin. Ta lanƙwasa allurar yadda ba za ta kai ƙarshen saiwa ba. Kuma manuniya ta ɗora a kan sirinjin maimakon babban yatsa, wanda ya cika ƙarfi. Haka shi ma yake riƙewa. Bai tuna ya taɓa koya mata ba.

Ya mayar da hannun. Ruwan ya shiga a hankali, bututu na zuƙe wanda ya dawo.

Da ta cire robar ya kurkure baki, rabin ruwan ya bi ta mataccen leɓensa ya jiƙa masa gemu. Ta miƙa masa tawul ba ta yi dariya ba.

"Yaushe zan dawo a cike?" ya ce.