Ƙa'idar Farfesa

"Maƙwabciya, a taimaka mana da kujeru," in ji Darakta, ɗaya daga cikin ɗaliban Farfesa. Yana tsaye a ƙofata da kwat da tumbinsa, har ya ɗora hannu a kan wadda nake zama in yi ɗinki.

"Wannan kam ka bar min ita, ranka ya daɗe, sai dai in so kake in taka keke a tsaye."

Ya yi dariya, ya rungumi na roba ya fita yana haki. Mutumin da aka ce a ma'aikatarsu ko jakarsa ba ya ɗauka da kansa, ga shi yana dakon kujeru zuwa gidan Farfesa.

Bango ɗaya ne tsakanina da Farfesa. A jami'a yake koyar da masu digiri na biyu yadda ake tsara manufofin gwamnati da tafiyar da ma'aikatu. Ɗalibansa ba yara ba ne, manya ne masu aiki da iyali, wasu har da furfura. Da ciwo ya ci ƙafafunsa ya hana shi hawa bene, sai ya ce aji ya biyo shi gida. Dama ba yau ya fara ba, tun matarsa na da rai falon nan ba ya rabo da ɗalibai. Ni kuwa ina ɗinki ina jin komai. Da ana ba da digiri ta bango, da tuni na rataya nawa.

Abin da na fi riƙewa shi ne ƙa'idarsa. Yakan ɗauko matsala ɗaya, ya raba aji gida biyu. A wancan zangon maganar ɗauke tashar mota daga tsakiyar gari suke yi, wasu su tsaya wa hukuma, wasu su tsaya wa direbobi da masu saye da sayarwa. Amma ba ka da ikon mayar wa mutum martani sai ka maimaita abin da ya faɗa, har shi da bakinsa ya ce, "Haka na ce." In ka yi azarɓaɓi, sai ka ji cokali a jikin kofi, ƙal. Da muryarsa ta fara dushewa, cokalin nan ne ya zama bulalarsa. Darakta ya fi kowa shan ta, don shi tun kafin ka rufe baki ya gama shirya amsa.

"A ofis haka kuke kashe mutane," Farfesa yakan ce masa. "Su zo da kuka ɗaya, ku share musu wani daban, ku kuma jira godiya."

Ran nan kujeru na fita, sai ga 'yarsa ta shigo. Ita kaɗai Allah ya ba shi, yana kiranta Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta baro miji da 'ya'ya a wani gari mai nisa ta zo jinya. Ta zauna a kan buhun ƙyallayena ba ko sallama, idanunta jajur.

"Inna, likita ya ce ba sauran lokaci mai yawa. Da safe barci yake, magani ya kayar da shi. Ɗan ƙarfin da yake samu da yamma kuma sai ya ba ɗaliban nan. In sun tafi, ko sunana ba ya iya kira."

"Kin faɗa masa?"

"Ya ce in bari zango ya ƙare."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina son Farfesa, mutum ne da ko tsinken allura na ɓatar sai ya tambaye ni ko na gani. Amma na san yarinyar nan tun tana zama a bakin ƙofar falo da littafin makarantarta a cinya, tana jiran a tashi ta nuna masa, har barci ya kwashe ta a wurin.

"Tashi ki je," na ce. "Gidan ubanki ne, ba ofishin kowa ba."

Ta tashi. Na bi bayanta da kujerar ɗinkina, wai kawowa na yi.

Farfesa na kishingiɗe a doguwar kujera, bargo a ƙafafunsa, takardun ɗalibai jibge a gefensa duk jan biro. Wata ɗaliba da suke kira Sista, shugabar ma'aikatan jinya ce a wani asibiti, tana tsaye tana kare masu sayar da ruwa a tasha. Ta yi shiru da ta ga Uwata a tsakiyar falo.

"Baba," in ji Uwata, "tun ina ƙarama nake jira a bayan ƙofa a tashi daga aji. Na baro 'ya'yana na zo, har yanzu a bayan ƙofar nake. Ni ma a ba ni nawa lokacin."

Darakta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Uwata, zangon ya kusa ƙarewa. Mutanen nan sun biya wahala, in na bar su yanzu..."

Ƙal.

Sista ce. Ta miƙa hannu ta ɗauki cokalin ba wanda ya lura.

"Gafarta Malam, ba ka maimaita ba."

Na ce a raina yau akwai kallo. Farfesa ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. Sai ya gyara murya.

"Ta ce ba ni da lafiya, in daina wahalar da kaina."

"Ba haka na ce ba," in ji Uwata.

"Ta ce ta yi tafiya mai nisa, ta bar yara, kuma ban gode mata ba."

"Ba haka na ce ba, Baba."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan bargo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba su ba, sai na ga ashe ya tsufa ƙwarai. Ya yi magana a hankali, ita kaɗai yake kallo.

"Ta ce ta daɗe tana jiran ubanta ya gama da mutane. Kuma tana tsoron wannan karon a tashi daga aji, ta shigo, ta tarar ba ni."

Uwata ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Haka na ce."

Sai Farfesa ya juyo gare ni.

"Maƙwabciya, falonki zai ɗauke su?"

"Kujerun dai dama nawa ne."

Ya ce Sista ta riƙe cokali, Darakta ya koma ɓangaren direbobi har ƙarshen zango, ko ya so ko bai so ba. "Ku ɗaga murya," ya ce. "Bangon ba shi da kauri."

Haka aji ya dawo gidana. Na tura keken ɗinki lungu, manyan ma'aikata suka cika min falo da gardama da warin turare. Farfesa bai ƙara sa musu baki ba, sai rana ɗaya da Darakta ya katse wani, muka ji sanda ta bugi bango daga can. Muka kwashe da dariya, muna jin Uwata ita ma tana yi.

Na tambaye ta hirar me suke yi. Ta ce ai Baba bai iya hira ba, tambayoyi yake jero mata kamar mai jarrabawa. Wane ne cikin yaran ke tsoron duhu? Me ya sa ta bar zane, alhali ta iya? Mijin yana sa ta dariya kuwa? Ta ce in ta ba shi amsa sai ya ce, "Ci gaba."

Wata safiya na shiga kai musu ruwan zafi. An buɗe taga, rana ta kwanta a kan gadon. Uwata na zaune a gefensa, hannunsa cikin nata, tana ba shi labarin autanta da haƙorinsa ya fita, ya ɓoye shi a aljihu ya hana kowa gani. Na dubi bargon da ke ƙirjinsa. Na daɗe ina duba, bai ɗaga ba. Na yi salati a hankali, na ajiye butar a ƙasa.

"Uwata..."

"Na sani, Inna," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Bari dai in ƙarasa masa."

Na zauna a bakin gadon. Ta gyara masa hannun a cikin nata, ta ci gaba daga inda ta tsaya.