Ƙafar Wandon Mode

"Ƙara sakinta, Arzika," in ji Mode. "Har yanzu tana matse ni."

Na ɗago kai daga kan keken ɗinki na dube shi. Karo na uku ke nan cikin shekara guda ina warware masa ƙafar wando, har na fara ƙara ƙyalle. Yana zaune a bencin shagona ya miƙe ƙafafu, sun kumbura sun yi tam. Na danna yatsa a ƙaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Mode, wanga ba aikin tela ba na. Ka tahi asibiti."

"Asibitin da waccan taka aiki? In kware ƙahwa gabanta? Ɗinka min dai."

Waccan ita ce Bahijja, 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar lafiya a nan Shagari. Saboda kunyar 'yar fari, ban taɓa jin ya kama sunanta ba, ko ido ba ya haɗawa da ita. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shekara talatin, don haka na san taurin kansa kamar yadda na san tarinsa na safe. Duk sa'ad da na je Bodinga sayen zare, nakan sayo masa haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, irin da ake ƙullawa a leda, ba suna ba takarda. Safe da yamma yake watsa su baki ya tafi fadamarsa ta albasa. "Amana ta, Arzika," ya ce min. Ni kuwa ba abin da na iya irin karɓar amana ba tare da na duba nauyinta ba.

A ranin nan allurar korona ta iso garinmu. Bahijja da abokan aikinta suka yini biyu a ƙarƙashin dalbejiya, ba wanda ya matso, mutane na ratsewa ta wata hanya. Rana ta uku Mode ya leƙo shagona.

"Tashi mu tahi. Yarinya na zaune cikin rana, kowa na mata dariya."

Ya je ya zauna gabanta ya naɗe hannun riga, yana kallon reshen itace. Ita ma idonta na kan takarda.

"Baba, akwai wata cuta jikinku? Kuna shan wani magani?"

"Lahiya lau," in ji shi.

Ina tsaye a bayansa, ledar da na sayo masa jiya tana aljihunsa, na yi gum. Bayan shi da ni, maza kusan ashirin suka karɓa a ranar.

Kwana goma sha takwas da yin allurar, aka ɗauko shi daga fadama a kan amalanke. Ashe fitsari ya kwana uku da tsaya masa bai gaya wa kowa ba. Fuskar ta kumbura har idanu sun shige. Muna jiran motar da za ta kai shi Sakkwato ya kama hannuna ya matse.

"Ka riƙe bakinka."

Motar ta zo bayan ya cika. Kafin la'asar mun rufe shi mun dawo.

Tun a zaman makoki maganar ta tashi. Lawali, ƙanen Mode, ba ya ɗaga murya, amma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji ta.

"Da ƙahwatai yat tahi, garau. Ɗiyatai ta soke shi, ga shi nan mun bizne."

Mata suka riƙa shiga su yi wa Kulu, matar Mode, ta'aziyya, su wuce Bahijja kamar ba su gan ta ba. Matata ta ce yarinyar ba ta ci ba ta sha, ita ma ta yarda ita ta kashe ubanta. Na gaji da jin kukanta ta katanga, na gaji da kaina kuma. Bahijja ce ma da hannunta ta rubuta rahoton mutuwar ta aika, domin dokar aikinsu ke nan.

Rana ta biyar da rasuwar wani Malam Ubaidullahi ya zo daga Sakkwato. Aikinsa bin diddigin duk wanda ya kwanta ko ya mutu bayan allura. Mutum ne ramamme, ka gan shi ka ga wanda ya sha zaman makokin mutanen da bai sani ba. Ya zauna a zauren Mode tare da ni da Lawali, Kulu da Bahijja na bayan asabari.

"Ba zan ce muku allura ba ta taɓa cutar da kowa ba," in ji shi. "Ƙwayar cuta ce aka karya wa ƙarfi aka ba ta saƙo ta kai wa jiki. A cikin dubban dubbai akan sami wanda jininsa ya daskare, shi ya sa muke bi gida-gida. Amma ba mu da jininsa, ba mu auna shi ba. Abin da kuka faɗa shi zan rubuta. Yana da ciwo kafin allurar?"

"Lahiya lau yake," in ji Lawali.

"Bai taɓa hwaɗa min komi ba," in ji Kulu.

Malam Ubaidullahi ya sunkuya zai rubuta. Na ji Bahijja ta ja numfashi a bayan asabarin, irin na wanda ya gama sa rai.

"Malam, dakata," na ce. "Kulu, miƙo wandunanai."

Na shimfiɗa su uku a tabarma na nuna masa ƙyallen da na ƙara, da watan da na ɗinka kowanne. A aljihun na ukun akwai leda da sauran ƙwayoyi huɗu. Na faɗi wanda yake sayowa.

"Mutum na kabari kana tona mai asiri," in ji Lawali. "Kai ad da amana?"

Gaskiya ya faɗa. Malam Ubaidullahi ya cika shafi biyu, ya sa ƙwayoyin a ambulan. Ya ce likitoci za su zauna a kai, shi ba zai yanke ba, amma abin ya fi kama da ciwon ƙoda da ya daɗe yana cin mutum, irin wanda yawan shan waɗannan ƙwayoyi kan jawo.

Bayan sadakar bakwai, da safe ina buɗe shago, Bahijja ta fito da akwatin sanyi na allurai rataye a kafaɗa. Ta tsaya a bakin ƙofata ba ta gaishe ni ba.

"Baba Arzika, tun yaushe kuka sawo mai?"

"Shekara guda da wata biyu."

"Kullum ina wucewa ta nan."

"Kullum," na ce.

Ta gyara igiyar akwatin, ta tsallaka titi ta tsaya inda ake jiran motar ƙauyen Lambara, ta ba shagona baya. Motar ta daɗe ba ta zo ba.