Gidan da Za a Rushe a La Marsa

Tun da gwiwar Si Chedly ta ƙi hawa bene, matarsa Mongia ta shiga nema musu ƙaramin gida. Ba wani abin a zo a gani take so ba: ɗaki biyu a ƙasa, taga mai shigo da iskar teku, tankin da rana ke ɗumama wa ruwa don kuɗin wuta ya ragu. Kuma a nan La Marsa, inda likitan mijinta yake, inda masu kifi suka san ta da suna.

A gidan shayi suka haɗu da dillalin, wani Noureddine mai yawan turare. Ya ɗauke su a mota ya yi ta zagaye da su. Wuri na farko garejin mota ne aka yi wa fenti. Da ya faɗi kuɗinsa, Mongia ta zaci ba ta ji daidai ba, ta sa ya maimaita. Si Chedly ya tambaye shi ko har da motar ake sayarwa. Noureddine bai yi dariya ba, ya ce masu dawowa daga Faransa da yuro sun lalata kasuwa.

Can da la'asar ya ce akwai wuri ɗaya da zai dace da su, sai dai ba a gina ba tukuna. Gidan wasu tsofaffi ne za a rushe a ta da bene, ɗansu ya riga ya yi magana da magini.

Mota ta shiga layinsu. Mongia ta ɗauka hanya ce ta biyo da su, sai ta ga ya tsaya a ƙofar gidanta, zannuwan gadonta na kan igiya.

"Khalti, dubi filin nan," in ji shi, yana kiran ta inna da Larabci. "Asara ce a bar wa mutum biyu."

Si Chedly ne ya laluba aljihu ya fito da makulli.

"Shigo ka ga cikin, ɗana. Mu ne tsofaffin."

Noureddine ya kasa fita daga motar.

Mongia ta kira ɗansu Lotfi a Lyon, can Faransa, tun kafin ta cire mayafi. Bai musa ba. Ya ce da Sallah mai zuwa ya so gaya musu, kuma idan suka sayar da gidan, abin da zai rage bayan sun sayi ƙarami a unguwar ba zai riƙe su ba. Magini kuwa zai ba su ƙasan benen kyauta, da kuɗin hayar wani sashe.

"To sai ka jira mu mutu mana," ta ce, ta kashe wayar.

Suka sauko da gado falo. Har Sallah ta wuce ba ta ɗaga kiran Lotfi ba. Da sanyi ya shigo, rufin sama ya fara yoyo, ita da kanta ta nemi lambar maginin a wurin Noureddine. Ta kira maginin ta ce masa ya zo ranar Talata, kuma da ita zai yi magana.